Wa Ya Gaya Maka? Nasiha Ga Masu Rubuta Salsala a Kwamfuta

Ɗana, 'yata, ku da kuka tashi a Kurudu da kewayenta, akwai wani aiki da na ga kun ɗauka ba tare da wani ya sa ku ba, kuma ya faranta mini rai: tattara sunayen kakanni da dangi a zuba su cikin kwamfuta. Allah Ya yi muku albarka. Na san abin da ya sa aikin ya dame ku fiye da tsaranku na cikin birnin Zariya ko Katsina. Su in sun leƙa ƙofar gida, ga gidan baffa can, ga na gwaggo a lungu na gaba, tsohuwar da ta yi wa ubansu wankan jarirai tana nan tana sayar da daddawa. Ku kuwa yawancinku aiki ne ya kawo iyayenku. A 1976 gwamnatin Murtala Muhammad ta yi dokar kafa sabon babban birni, ranar 12 ga Disamba 1991 aka taso daga Legas, daga nan hanyar Karu zuwa Jikwoyi, Kurudu, Orozo har Karshi ta yi ta cika da ma'aikata da 'yan kasuwa da tsofaffin sojoji da 'yan sanda, a kan ƙasar da Gbagyi da maƙwabtansu suke noma tun kafin a yi mafarkin birnin. A gida ɗaya sai ka tarar an haifi babba a barikin Jaji, mai bi masa a Inugu, auta a nan Abuja. Garinku na asali kuwa, wasunku a jikin fom suka fi saninsa, inda ake cewa a rubuta jiha da ƙaramar hukuma.

Kayan aikin da kuka samu masu kyau ne, ban raina su ba. Akwai manhajar Gramps, wadda aka fara tun 2001. Kyauta ce, in ka sauke ta a kwamfuta ba ruwanta da data. Akwai na kuɗi irin su Family Tree Maker da RootsMagic, akwai kuma na intanet irin su FamilySearch da Ancestry da MyHeritage. Aikinsu kusan ɗaya ne: kowane mutum a buɗe masa kati, a ɗaura shi da iyayensa da abokan aurensa da 'ya'yansa, sannan in ka danna a zana maka jadawalin zuriya, ko a lissafa maka ta inda kuka haɗu da wance. Abin da a da ake cika littafi uku ana gogewa ana sakewa, yanzu yaro zai yi shi tsakanin Magariba da Isha. Kafin ka zaɓi kowacce, tambaya ɗaya za ka yi mata: tana iya fitar da aikinka a fayil na GEDCOM? Wannan wani tsari ne da aka ƙirƙira tun 1984, wanda kusan duk manhajojin salsala suke karantawa. Wadda ba ta iya ba ka shi, ko da a waya take, ko da ta fi kowacce ado, bar ta. Ranar da ta mutu ko ta tsawwala kuɗi, da wahalarka za ta tafi.

Ga inda nake so ku ba ni kunnenku. Waɗanda suka ƙera waɗannan manhajoji, irin gidajensu suka duba suka tsara guraben. Suna sa ran mutum yana da sunan yanka ɗaya, sunan dangi ɗaya da ake gada, ranar haihuwa ɗaya rubutacciya a rajista. Matashi mai son tsari kuwa ba ya jure ganin gurbi a buɗe. Sai ya cike shi da zato, ya haɗe mutum biyu don sunansu ya zo ɗaya, ya share labarin da ya saɓa wa wanda ya fara ji. Na ga salsalar da aka gyara har ta yi kyau a ido, amma tarkacen takardun da aka kwafo ta daga ciki sun fi ta gaskiya nesa ba kusa ba. Garin neman gira aka rasa ido. Gyaran salsala kamar tsintar wake ne a faifai: mai gaggawa da tsakuwar yake zubar da mai kyau, ya bar mai ƙwari don ya gan shi da sheƙi.

Maganin wannan abu ɗaya ne, kuma malamanmu sun riga mu saninsa. Mai karatun hadisi ba ya karɓar magana sai ya ji daga wa aka samo ta. Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukhi, don kawai a san malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu. To kai ma duk abin da za ka shigar, ka rubuta wanda ya gaya maka, da ranar da ya gaya maka, da kuma ko gani ya yi ko ji ya yi. Manhajoji masu kyau duk suna da gurbin madogara. Gramps har tana ba ka damar nuna ƙarfin kowace shaida, daga mai rauni ƙwarai zuwa mai ƙarfi ƙwarai. Gurbin nan shi ne wanda na ga matasa sun fi tsallakewa, alhali shi ne ran aikin. In baffa ya ce kakanku daga Gobir ya taso, gwaggo ta ce a'a daga Damagaram ne, kada ka zama alƙali a daren farko. Shigar da maganar kowa da sunansa. Wata rana takarda za ta fito, ko wani tsoho da ba ka taɓa ji ba, sai ka ga ashe dukansu sun yi gaskiya: ɗaya uban yake nufi, ɗaya ɗan. In ka riga ka share ɗaya, ba ka da abin da za ka koma ka duba.

Kada ka fara da kwamfuta ma tukuna. Fara da akwatin ƙarfen nan da yake ƙarƙashin gadon Baba, ko saman kabad ɗin Hajiya. Nemi izini, ka shimfiɗa tabarma da rana inda haske yake da kyau, ka fito da kayan ɗaya bayan ɗaya. Za ka ga takardar sallama daga aikin soja, da tsohon rasit na haraji, da katin awo na asibiti, da fasfon aikin Hajji, wataƙila da takardar rabon gado mai hatimin alƙali. Za ka ga hoton baƙi da fari wanda aka ɗauka a situdiyo, mutum uku a tsaye da babbar riga, ɗaya a zaune. Juya bayansa kafin ka ajiye: sau da yawa hatimin mai hoto yana nan da sunan gari, wani lokaci har da shekara, ko wani ya rubuta da fensir cewa na hagu wane ne. Duba kuma cikin bangon Alƙur'anin kakanka ko Dala'ilunsa, domin nan malamai da yawa suke rubuta haihuwar 'ya'yansu da ajami, da rana da wata. Ɗauki hoton komai gaba da baya, ka mayar da kowane abu cikin ambulan ɗin da ka same shi, don zaman takardu biyu wuri ɗaya shi ma shaida ne. Kada ka kai tsohuwar takarda a manne ta cikin leda da zafi, ba ta ƙara fitowa. Kada ka bi rubutun da ya dushe da biro wai kana raya shi. A kwamfuta kuma ka ba kowane hoto suna mai ma'ana, wane ne, ina ne, yaushe ne, daga akwatin wa, maimakon jerin lambobin da waya take ba shi.

Wajen suna ne aka fi yin ɓarna, don haka zan daɗe a kansa. Manhaja za ta tambaye ka sunan dangi, mu kuwa asali ba mu da shi irin yadda suke nufi. Mutum da sunansa, sai na ubansa, sai laƙabi ko sana'a ko gari. Makarantar boko da aikin gwamnati ne suka tilasta wa mutane suna na biyu, da yawa kuma sunan garinsu aka liƙa musu. Shagari gari ne, Tafawa Balewa gari ne, mahaifin Malam Aminu Kano sunansa Malam Yusufu, Sardauna kansa da Ahmadu Raɓa aka san shi a makaranta. In ka ɗauki sunan ƙarshe da ke jikin katinka na ɗan ƙasa ka bi kakanni kana manna musu, ka ba su sunan da ba su taɓa amsawa ba, kuma ka toshe wa na bayanka hanya, don ba za su same su da shi a kowace tsohuwar takarda ba. Rubuta kowa da sunan da aka raɗa masa, sannan ka yi amfani da gurbin ƙarin sunaye ka zuba sauran: wanda ake kiransa a gida, wanda ke takardar aiki, wanda abokan tashinsa suka sani. Abubakar ɗin da ke fasfo shi ne Garba na bakin gwaggo, shi ne Habu na kasuwa. Binta ita ce Fatima, Kulu ita ce Hauwa, Dije ita ce Hadiza. Yaron da aka yi wa takwara da kakansa kuwa, har ya tsufa Abba ko Baffa za a kira shi, wasu 'yan'uwansa ma ba su taɓa jin sunansa na yanka ba.

Manhajoji da yawa suna da wata dabara ta zaƙulo mutanen da take zaton an shigar sau biyu, ta ce maka ka haɗe su. Dabara ce mai amfani, amma a gidan Bahaushe sai da taka-tsantsan. Mu ne muke sa wa 'ya'ya biyar Muhammadu, mu bambanta su da Sani da Salisu da Rabi'u da Hamisu. Mu ne in yaro ya rasu yana jariri muke mayar wa ƙaninsa sunan. Dubi gidan Sarkin Musulmi ma: Muhammadu Macciɗo, wanda ya yi sarauta daga 1996 zuwa 2006, da Muhammadu Sa'ad da ya gaje shi, dukansu 'ya'yan Sarkin Musulmi Abubakar na III ne. Wanda bai sani ba, in ya ga Muhammadu ɗan Abubakar sau biyu a allo, sai ya danna ya mayar da sarki biyu ɗaya. Na san wani gida da aka yi haka ga wa da ƙani, 'ya'yan ɗakin wannan suka koma ƙarƙashin wancan, aka buga aka raba a wurin biki, sai da wata dattijuwa ta sa aka karanta mata ta ce wannan ai ba ubansu ba ne. Kafin ka haɗe kowa, ajiye kwafin aikin yadda yake, sannan ka tambayi uwar kowannensu. Uba ɗaya ba ya raba gardama a wurinmu, uwa ce take rabawa. Akwai kuma kishiyar wannan matsalar: inda auren zumunci ya yi yawa, kaka ɗaya zai fito maka ta wajen uwa, ya fito ta wajen uba. Wannan mutum ɗaya ne, kati ɗaya za a yi masa, a ja masa layi biyu.

Kada kuma ka raina laƙabi, don wani lokaci shi kaɗai ne rajistar haihuwar da mutum ya bari. Ɗanladi da Ladi ranar Lahadi aka haife su, Talatu ranar Talata, Balarabe ranar Laraba, Jummai da Ɗanjuma ranar Juma'a. Azumi a watan azumi ta zo. Gambo bayan tagwaye yake, Tanko bayan mata, Kande bayan maza. Ke nan in ka ga Gambo a jerin 'ya'ya ba ka ga Hassan da Husaini a gabansa ba, akwai waɗanda aka manta, wataƙila sun rasu suna ƙanana. Koma ka tambaya.

Shekaru su ma haka. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a duk faɗin Najeriya ta 1992 ce, har yau kuma ba kowa take kamawa ba. Iyayenku da yawa da takardar rantsuwa a kotu suka samu ranar haihuwa, shi ya sa 1 ga Janairu ta yi yawa a takardunmu. Wasu kuma, mu faɗa wa juna gaskiya, suna da shekarun aiki daban da shekarun haihuwa. Ba naka ba ne ka tona wa kowa asiri, amma kada ka ɗauki abin da ke katin aiki ka mai da shi yankan shakku. Rubuta shi a matsayin abin da takarda kaza ta ce. Manhaja tana karɓar "wajen shekara kaza", da "kafin", da "bayan", da "tsakanin kaza da kaza", kuma waɗannan sun fi ranar ƙarya daraja. Tsofaffinmu da abin da ya faru suke lissafi, kai kuma aikinka ka san shekarun. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, har an ce ranar da suka shiga Sakkwato, 15 ga Maris, aka haifi Sarkin Musulmi Abubakar na III. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ce. Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna a 1956, an kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu 1966, an koma tuƙi a hannun dama a 1972, naira ta maye gurbin fam a 1973, rikicin Maitatsine a Kano a Disamba 1980. In Inna ta ce tana goyon babanka aka yi canjin kuɗi, tambaye ta wanne, na fam da sule ne ko na Buhari na 1984, sannan ka rubuta maganarta yadda ta faɗe ta, ka sa lissafinka a gefe. Kwanan watan Musulunci kuma ka bar shi yadda ka same shi. Gramps tana karɓar kalandar Hijira, amma da lissafi take juya ta, mu kuwa da ganin wata muke, don haka saɓanin kwana ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ne.

'Yata, ke nake so ki fi kowa riƙe wannan da zan faɗa. Salsalarmu ta baka ta maza ce, wane ɗan wane ɗan wane, kamar ba mace ce ta haife su ba. Amma in kina neman wanda ya san dangi, wurin tsohuwa za ki je. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, tana rubuta labarin rayuwarta. Littafin ya fito a 1954, kuma har yau masana suna komawa gare shi don sanin aure da zumunci da riƙo a ƙasar Hausa. Baba ba ta yi boko ba, a ka ta riƙe wa ya auri wa, wa ya fita, wa ya riƙe ɗan wa. Kowane gida yana da irinta, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai zama da ita yana da ladabi. Kada ki je mata da fom kina jero tambaya. Ki tafi da goro ko turare, ki nemi izinin naɗar muryarta a waya, ki bar ta ta yi ta zagaye, don a cikin zagayen abin yake. Ki tuna da alkunya: ba za ta ambaci sunan mijinta ba, ba za ta ambaci na ɗanta na fari ba, wataƙila har na surukanta. In ta ce "mai gidan nan" ko "wannan yaron", kada ki matsa mata, ki tambayi ƙanwarta daga baya. Muryar da kika naɗa kuma kada ki goge ta don kin gama kwafewa. Bayan shekara biyar za ki sake saurara ki ji abin da kunnenki ya tsallake.

A wurin tsofaffin mata ne kaɗai za ku samu abin da ba ya cikin kowace takarda, wato shayarwa. Wa ya sha nonon wa ba ƙaramar magana ba ce, tunda tana haramta aure kamar yadda jini yake haramtawa, kuma yanzu da dangi suka watsu tsakanin Abuja da Legas da Yamai, yara suna haɗuwa a makaranta ba su san juna ba. Manhajojin ba su zo da gurbin 'yan'uwan nono ba, amma akwai wurin ƙulla alaƙa tsakanin mutum biyu ka ba ta sunan da kake so, akwai kuma wurin bayani. Yi amfani da su. Haka riƙo. Yaron da gwaggo ta riƙa tun yaye har ta aurar da shi, a nuna riƙo ne, a bar shi a ƙarƙashin iyayen da suka haife shi. Agola ma haka. Wannan ba rage musu matsayi ba ne. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni a danganta kowa ga ubansa, kuma gado a kan haka yake tafiya. Mai mata da yawa kuwa, kowane aure a buɗe masa nasa shafi, har da matan da suka fita da waɗanda suka rasu ba su haihu ba, kowane ɗa a sa shi a ɗakin uwarsa. Wanda ya tara 'ya'ya ashirin a ƙarƙashin uwargida don jadawali ya yi kyau ya shafe bambancin shaƙiƙi da ɗan uba, alhali a rabon gado wani lokaci wannan bambancin ne yake sa ɗaya ya ci, ɗaya ya tashi hannu wofi.

Akwai wata jarrabawa da take zuwa bayan aiki ya fara nisa. Ka kai kaka na huɗu ko na biyar, labari ya ƙare, sai zuciya ta ce ai an ce mu jinin sarautar wuri kaza ne, ko Sharifai ne, ko daga gidan Shehu muke. Ga intanet cike da jerin sarakuna, ga Tarihin Kano da Palmer ya fassara a 1908 da sunaye tun daga Bagauda, ga tarihin tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, wanda Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta. Dannawa biyu ya ishe ka ka ɗaura kakanka a jikin wani sarki. Kada ka yi, ɗana. Mai yiwuwa ne maganar gidanku gaskiya ce, don haka rubuta ta a wurin bayani: ga abin da gidanmu yake faɗa, ga wanda na ji daga bakinsa. Amma layi ba a jansa sai da sunayen da ke tsakani. Ka yi ɗan lissafi ma: a shekara ɗari akan samu uba uku ko huɗu, ko da yake masu haihuwa da tsufa suna ja da lissafin. In sunaye goma suka kai ka shekara dubu baya, ka san an tsallake mutane da yawa, ko an yi ɗinki. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wanda zai kama ka jikanka ne, ranar da ya je Gidan Arewa ko Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna yana neman abin da ka ce akwai.

Ɗaya gefen jarrabawar shi ne sharewa. Za ka ci karo da abin da ba a so a faɗa: kakar da aka kamo a yaƙi, sa-ɗakar da ta haifi rabin gidan, auren da ya mutu da rigima, ɗan'uwan da ya bar addini ko ya shigo shi, kakar da Bagwariya ce ko Banufiya ana ɓoyewa. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewacin Najeriya, ke nan maganar ba ta yi nisan da muke nunawa ba, kuma gidajen sarauta da kansu cike suke da manyan da sa-ɗaka ta haifa. Ni a ganina share mace daga salsalar jikokinta zalunci ne na biyu a kanta. Amma rubutawa daban, yaɗawa daban. Manhaja tana ba ka damar sa wa mutum ko bayani alamar sirri, yadda ba zai fita ba in ka buga ko ka tura wa wani. Abin da zai ɓata zumuncin masu rai, sa masa wannan alamar, ka shawarci manya kafin kowa ya gani. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Masu rai ma suna da haƙƙi a kanka. Jerin sunayen dangi da ranar haihuwarsu da sunan uwar kowa da unguwar da yake zaune, wannan shi ne abin da ɗan damfara yake nema ido rufe. Ka tuna sunan mahaifiya yana cikin tambayoyin da banki yake tantance mutum da su. Kada ka jefa cikakken fayil a zauren WhatsApp na dangi mai mutum ɗari biyu, rabinsu ba ka san lambarsu ba. In za ka fitar, zaɓi a ɓoye bayanan masu rai, manhajar tana yi da kanta. Shafukan intanet kuwa ka shige su da ido biyu. A 2018 MyHeritage ta sanar cewa an sace adireshin imel na masu amfani da ita sama da miliyan 92. FamilySearch kyauta ce, tana da tarin bayanai, har ta tura mutane ƙauyukan Afirka, ciki har da Najeriya da Gana, suna naɗar salsalar baka. Amma ka san mai ita: cocin Mormon ce da ke jihar Utah a Amurka, kuma tattara sunayen magabata yana da alaƙa da ibadar da mabiyanta suke yi a madadin mamatansu. Babban jadawalinta kuma na tarayya ne, wani da ba ka sani ba yana iya canja abin da ka shigar game da mamaci. Ban ce kada ka leƙa ba. Na ce uwar aikin ta zauna a hannunka, abin da ka ga dama ka ba su.

Hannun naka ma kada ya zama wuri ɗaya. Waya tana faɗawa ruwa, ana fizge ta a tashar mota, kwamfuta tana ƙonewa ranar da aka kawo wuta da ƙarfi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk lokacin da ka yi aiki mai yawa, fitar da kwafi, ka sa kwanan wata a sunan fayil ɗin, ɗaya a filashi, ɗaya a wurin ɗan'uwa a wani gari. Ka lura fayil na GEDCOM yawanci sunaye da bayanai yake ɗauka, hotuna da muryoyi sai ka kwafe su daban.

Sannan ka buga a takarda. Manyan da za su gyara maka kuskure ba za su leƙa allon kwamfuta ba, amma in ka shimfiɗa musu babbar takarda a zaure, ka ga yatsa yana bin layi yana tsayawa, ana cewa wannan ba a nan take ba, wancan yana da wani ɗa a Gwambe. Zumunta a ƙafa take, kuma aikin nan in bai sa ka taka ka je ba, bai yi amfanin da aka yi shi dominsa ba. In za ku gida da Sallah, tafi da kwafi biyu da jan biro, ka bar ɗaya a can. A rubuta a ƙasan kowane kwafi ranar da aka buga shi, da cewa ana karɓar gyara. Kada ka fito da shi a zaman makoki, kada kuma ka yarda a mai da shi hujjar rabon gado. In maganar gado ta taso, alƙali da shaidu ne masu ita, naka bai wuce ka taimaka a tuna da wanda aka manta ba. Ka koya wa mutum biyu yadda ake buɗe manhajar da shigar da haihuwa da aure da rasuwa, ka ba su kalmar sirri. Ɗaya ya kasance ƙaninka ko ƙanwarka, ɗayan kuma ka ɗauko shi daga wani ɗakin, cikin 'yan uba ko 'ya'yan baffa, don kada a wayi gari ana cewa salsalar ɗakin su wane ce.